A duba bayan gwangwani kafin a saya wa kyanwa abinci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan abincin kyanwa mai laima, wato na gwangwani da na ƙananan ledoji, wanda ya fara yawa a manyan kantunan garin Kaduna, musamman na kan titin Ahmadu Bello da na unguwanni irin su Barnawa da Malali da Unguwan Rimi. Na san a wannan lokaci na tsadar rayuwa wani zai ce mutum ma bai ƙoshi ba, ina batun kyanwa. Ba na tura kowa ya taɓa kuɗin cefanen gidansa saboda dabba. Maganata da waɗanda suka riga suka ɗauki nauyin kyanwa ce, suka ajiye ta a cikin gida ta yadda ba ta da damar fita ta kama ɓera ko ƙadangare, domin duk wanda ya tsare dabba, cinta da shanta sun hau wuyansa. Malamai sun sha karanta mana hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba. Tunda kuwa kuɗin za a kashe, ya kamata a san abin da ake saya da shi.

Abin da nake gani a kantuna shi ne mai saye ya ɗauki gwangwani, ya kalli hoton kifi ko na kazar da aka manna a gabansa, ya tambayi farashi, ya biya ya tafi. Hoton nan kuwa sau da yawa kyan ɗan maciji ne. A ledoji da yawa da ake shigowa da su daga Turai, idan ka juya baya ka karanta ƙananan rubutun, za ka tarar kazar da aka cika gaba da hotonta kashi 4 cikin ɗari ce kawai, sauran kuma an dunƙule shi da sunan nama da dangoginsa ba tare da an faɗi dabbar da aka yanka ba.

Dalilin da ya sa wannan ya zama abin damuwa yana cikin halittar kyanwa kanta. Allah Ya halicce ta mai cin nama zalla, jikinta kuma ba ya iya haɗa wasu sinadaran da jikin mutum ko na kare ke haɗawa da kansa. Babba daga cikinsu shi ne taurin, wanda ake samu a naman dabba, musamman zuciya da jan naman kaza da kifi. Idan kyanwa ta daɗe ba ta samunsa yadda ya kamata, idonta kan lalace a hankali har ta makance, zuciyarta kuma ta buɗe ta yi rauni. A shekarar 1987 ne wasu likitocin dabbobi na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Paul Pion, suka tabbatar da cewa ciwon zuciyar da ke kashe kyanwoyi da yawa a lokacin daga ƙarancin taurin a cikin abincin kanti yake, bayan haka kamfanoni suka ƙara shi, ciwon kuma ya ragu ƙwarai. Haka nan kyanwa ba ta iya samar da bitamin A daga karas ko ganye kamar yadda mu muke yi, sai dai ta same shi kai tsaye daga dabba. Shi ya sa tuwo da shinkafa da burodi ke cika mata ciki ba tare da sun ciyar da ita ba, shi ya sa kuma abincin kare bai dace da ita ba ko da mai kanti ya ce duk ɗaya ne.

Saboda haka abu na farko da mai saye zai nema a jikin gwangwani shi ne shaidar cewa abincin cikakke ne. Tunda da Turanci ake rubuta bayanin, kalmar da za a nema ita ce "complete". Idan aka ga "complementary", to wannan ƙari ne kawai ko abin marmari, kuma kyanwar da aka ɗora a kansa shi kaɗai za ta rasa wasu sinadarai ko da kuwa tana lashe kwanon tas. Abin takaici shi ne wannan nau'i na biyu shi ya fi kyan gani, domin sau da yawa tsokar kifi ce ko ta kaza ƙarara a cikin romo, kuma ya fi tsada, sai mutum ya ɗauka ya sayi mafi inganci. Kayan da suka fito daga Amurka kan ɗauki bayanin cewa an haɗa su bisa ma'aunin AAFCO, wato ƙungiyar jami'an da ke sa ido a kan abincin dabbobi a can, na Turai kuma suna bin ƙa'idojin FEDIAF, ƙungiyar kamfanonin abincin dabbobin gida ta Turai. A duba kuma ko na wace kyanwa ne, domin 'ya'yan da ba su kai shekara ba da uwa mai ciki ko mai shayarwa sun fi babbar kyanwa buƙata. A ma'aunin AAFCO, mafi ƙarancin furotin, wato sinadarin gina jiki, ga babba kashi 26 ne cikin ɗari na nauyin abincin bayan an cire ruwansa, ga masu tasowa kuwa kashi 30.

A nan akwai ɗan lissafin da ke rikita mutane. Wani zai ga an rubuta furotin kashi 10 a jikin gwangwani, ya ga kashi 30 a jikin buhun busasshen abinci, sai ya yanke hukuncin cewa na gwangwani ruwa ne zalla. Sai an cire ruwan kafin a gwada su. Idan gwangwani yana da ruwa kashi 78, abin da ya saura kashi 22 ne, kuma 10 a cikin 22 ya kai kusan kashi 45. Ke nan na gwangwanin ya zarce na buhun nesa ba kusa ba. Jerin kayan haɗi kuma ana fara shi ne da abin da ya fi nauyi, don haka wanda ya fara da kaza ko talotalo ko naman sa ko kifi da sunansa ya fi wanda ya fara da alkama ko masara ko waken suya. Ni ban ga abin ƙyama ba idan an ce akwai kayan ciki, domin mu kanmu muna cin hanta da ƙoda da tumbi, kyanwa kuma idan ta kama ɓera ba ta ware tsoka ta bar sauran. Abin da na ƙi shi ne a ɓoye mini sunan dabbar. Gidajen Musulmi da yawa ba za su so naman alade ya shiga firjinsu ko ya taɓa cokulansu ba, kuma wasu daga cikin waɗannan kaya suna ɗauke da shi. Wanda wannan ya dame shi, sai ya tsaya ga wanda aka lissafa dabbobinsa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ware wa kyanwar cokalinta da kwanonta.

Shi ruwan da ake raina abincin gwangwani saboda shi, shi ne babban amfaninsa a ƙasa irin tamu. Asalin kyanwar gida daga kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya ne, dabbar busasshiyar ƙasa wadda ta saba samun ruwanta daga jikin abin da ta farauto, don haka ƙishirwa ba ta cika korar ta zuwa kwanon ruwa ba. Abinci mai laima yana da ruwa kashi 75 zuwa 80, busasshe kuwa kimanin kashi 10. Kyanwar da ke samun isasshen ruwa fitsarinta ba ya yin kauri, wannan kuma yana rage haɗarin tsakuwa da ciwon mafitsara. Muzuru ya fi shiga wannan haɗari saboda hanyar fitsarinsa siririya ce. Na taɓa ganin wani muzuru a gidan maƙwabta yana ta zarya zuwa wurin yashin da yake fitsari a ciki, ya tsuguna yana nishi, ɗigo biyu su fito da ɗan jini, ya tashi yana lasar ƙasansa, ya sake komawa. Mutanen gidan sun zaci bayan gida ne ya ɗaure masa. Wanda ya ga irin wannan kada ya bari a kwana, domin idan hanyar ta toshe gaba ɗaya, muzuru na iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Kada kuma a ba shi farasitamol da sunan taimako, domin ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa.

Sai dai duk ingancin da kamfani ya zuba a gwangwani, zafin Kaduna da rashin tsayayyar wutar lantarki na iya ɓata shi, kuma wannan ɓangaren ne waɗanda suka rubuta umarnin a ƙasashen sanyi ba su yi da mu ba. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 35. Na sha ganin ledojin abincin kyanwa an jera su a jikin gilashin kanti rana na dukansu tun hantsi, ƙura ta rufe su, wasu sun ɗan kumbura. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya lotsa a bakin murfi, ko ya yi tsatsa, da ledar da ta cika da iska ko take yoyo, duk a bar su a inda suke ko da an karya farashinsu, domin araha ba ta ado. A duba ranar ƙarewar wa'adi da kyau, idan kuma aka ga alamar an goge ta ko an liƙa wata takarda a kanta, a ajiye. Bayan an buɗe kuma, abin da aka zuba a kwano kada ya wuce kamar awa ɗaya a lokacin zafi, domin ƙudaje da tururuwa ba sa jira, sai a zubar da ragowar a wanke kwanon da sabulu. Wanda ya saura a gwangwani a juye shi a mazubi mai murfi a sa a firji, a ƙarar da shi cikin kwana biyu. Gidan da ba shi da tabbacin firjinsa zai kwana da sanyi, gara ya sayi ƙananan ledoji masu giram 85 ko 100 waɗanda kyanwa za ta cinye a zama ɗaya, maimakon babban gwangwani mai giram 400 da rabinsa zai yi tsami kafin gari ya waye. Babban ya fi araha a kanti, amma idan aka lissafa abin da aka zubar, ƙaramin ya fi sauƙi.

Mutane da yawa kan koma ga kifin gwangwani na mutane saboda ya fi samuwa a kowane shago. A ba ta ɗan gutsure jefi-jefi ba laifi, amma a mayar da shi abincin kullum kuskure ne, domin gishiri da mai sun yi masa yawa, kuma yawan kifi mai maiƙo yana jawo ƙarancin bitamin E har kitsen jikin kyanwa ya kumbura ta riƙa jin zafi idan an taɓa ta. Ragowar miya ta fi wannan haɗari, saboda albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, kuma da wuya a sami miyar gidan Bahaushe da babu albasa. Hanta kullum tana tara bitamin A fiye da kima har ƙasusuwan wuya su sandare, madarar shanu kuma tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo. Wanda ƙarfinsa bai kai na kanti kullum ba, yana iya haɗa cikakken busasshen abinci da leda ɗaya ta mai laima a rana, ya kuma ajiye ruwa mai tsabta a wurare biyu ko uku a gidan. Idan zai dafa mata nama ko zuciyar kaza daga kasuwa, ya dafa ba gishiri ba magi ba albasa, ya cire ƙashi, ya haɗa mata da romon domin taurin yana narkewa ya koma cikin ruwan dahuwa, ya kuma nemi shawarar likitan dabbobi a kan abin da zai cike gurbin sinadarin ƙashi da nama kaɗai ba ya bayarwa.

Idan za a sauya mata abinci, a yi shi sannu a hankali cikin kamar mako guda, ana cuɗa sabon da tsohon ana ƙara yawansa. Kada a ce za a bar ta da yunwa har ta saduda, domin kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse kan taru a hantarta ya zama ciwo mai tsanani. Bayan 'yan makonni jikinta ne zai ba da shaida: gashi ya yi sheƙi, kashi ya ɗaure ba tare da mugun wari ba, nauyinta ya tsaya daidai.

Ina kira ga hukumar NAFDAC, wadda rajistar abincin dabbobi ke ƙarƙashinta, da ta riƙa leƙa waɗannan kantuna kamar yadda take leƙa na abincin mutane. A shekarar 2007 an janye ɗimbin abincin karnuka da kyanwoyi daga kasuwannin Amurka da Kanada, yawancinsa mai laima, bayan an gano an gurɓata wani kayan haɗi na alkama da aka shigo da shi daga Sin da sinadarin melamin, wanda ke sa awon furotin ya nuna sama da gaskiya, ya kuma lalata ƙodar dabbobi da yawa. Lambar rukunin kaya da ke jikin gwangwani ce ta ba da damar bin sawunsu, saboda haka mai saye ya nemi wannan lamba da ta rajistar NAFDAC da adireshin wanda ya shigo da kayan. Masu kantuna kuma ina roƙonsu su janye waɗannan kaya daga rana, su raba cikakken abinci da na marmari a kan kanta domin kada a ruɗe. Likitocin dabbobi na jiharmu, har da malaman tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, za su taimaka ƙwarai idan suka riƙa yin wannan bayani da Hausa a gidajen rediyon Kaduna, domin da yawa daga cikin masu kiwon kyanwa a Tudun Wada da Rigasa da Kawo ba sa karanta ƙananan rubutun Turancin da ke bayan gwangwani.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai kiwon kyanwa,
Unguwan Rimi, Kaduna.