A koyar da lokutan Turanci daga fayil ɗin mara lafiya

Assalamu alaikum. Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana da malaman makarantun koyon aikin jinya da ungozoma na Jihar Kano. Ni ungozoma ce da ta yi ritaya, kuma har yau 'ya'yan maƙwabta da ke wannan karatu suna kawo mini rubutunsu in duba musu bayan sallar magariba.

Yaran nan ba su da laifi wajen ƙoƙari. Ba a ɗaukar kowa sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO. Amma Turancin da ya kai su ga kiredit na littafin makaranta ne, irin na Musa da ke zuwa kasuwa kullum. Da an ce su rubuta abin da ya sami mai jego daga asuba zuwa hantsi, sai lokutan aikatau, wato tenses, su cakuɗe musu. Mu kuwa a asibiti da Hausa muke tambayar mara lafiya, da Turanci muke rubutawa, kuma likitan da zai zo daga baya abin da ke fayil shi zai fara karantawa.

Bari in ɗauki aikatau ɗaya da ba ya barin ɗakin haihuwa: bleed, zubar da jini. Siffofinsa bleed, bleeds, bleeding da bled. Babu wani abu wai shi bleeded, ko da yake na gaji da ja masa layi da jan biro.

Mu Hausawa in muka ce "ta zubar da jini" mun gama magana, sauran bayani yana cikin zancen. Bature ya raba wannan gida uku. She bled at 2 a.m. abu ne da ya faru a lokacin da aka ambata, ya wuce. She has bled twice today lissafi ne da bai rufe ba, ana ƙirgawa har zuwa yanzu, shi ya sa ba a haɗa has bled da yesterday. She had bled at home before she was brought in kuwa yana jera abubuwa biyu da suka shige, ya nuna wanda ya riga. Wannan na ukun shi ɗalibai suka fi gudu, alhali shi muka fi buƙata a Kano, inda mata da yawa ke haihuwa a gida, sai abu ya ɓaci a sako su a Adaidaita Sahu. Jinin da ya jiƙa zannuwa a gida ba wanda ya auna shi, amma dole likita ya san an yi shi kafin a iso.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne maganar da uwar miji za ta faɗa a bakin ƙofa: "Sista, tun asuba take zubar da jini." Yarinya sai ta rubuta she is bleeding since dawn, ko kuma ta ga jimlar ba ta zauna ba ta yar da since dawn ɗin gaba ɗaya. Daidai shi ne she has been bleeding since dawn: ya fara tuntuni, bai tsaya ba. Since na bin lokacin farawa, for na bin tsawonsa, for two hours. She is bleeding kaɗai yana cewa yanzu ne, a taho da gudu, amma bai faɗi tun yaushe ba.

Wani zai ce Hajiya, ai wannan ƙaƙale ne. To, ga dalili. An daɗe ana ɗaukar mililita 500 cikin awa 24 bayan haihuwa a matsayin zubar jini mai haɗari. Binciken da aka fitar a 2017, wanda ya haɗa mata fiye da 20,000 a ƙasashe 21 har da Najeriya, ya nuna allurar tranexamic acid, mai taimakawa wajen tsayar da jini, na rage mutuwa ta dalilin zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku in an yi ta cikin awa 3 da haihuwa. Bayan awa 3 Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar yin ta ba. A 2023 kuma aka fitar da sakamakon aikin E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa, binciken da ya yi amfani da leda mai ma'aunin jini da ake shimfiɗa wa mai jego. Ledar za ta nuna adadi, amma hannun nas ne zai rubuta ko an kai adadin ne tun ɗazu ko yanzu ake kai.

Akwai wani kuskure da ya taɓa tayar mana da hankali wajen miƙa aikin dare a wani asibiti da na yi aiki. Ɗaliba ta rubuta she was bled on arrival. Nufinta she was bleeding, wato matar ta iso jini na zuba. Abin da ta rubuta kuwa yana nufin an ɗebi jininta, kamar yadda ake wa mai ba da gudummawar jini. Mai karɓar aiki ta ɗauka an riga an kai jini ɗakin gwaji, ta zauna jiran sakamakon da ba wanda ya aika. Allah ya kiyaye, metiron ta zagayo ta ɗaga zanin.

She bleeds heavily every month na al'ada ne, takan yi, wurinsa tarihin mara lafiya. She will bleed ban cika son ganinsa ba, mu ba masu duba ba ne. She may bleed again ya isa.

Roƙona ga shugabannin makarantun nan, na gwamnati da masu zaman kansu da suka cika gari, shi ne malamin Turanci ya zauna da malamar ungozoma su tsara darasin tare. A kawo tsofaffin fayiloli, a rufe sunaye, a ba ɗalibai su gyara. A ɗauki bleed, vomit, deliver, give da refer, wata ta zama uwar miji tana ba da labari da Hausa, sauran su rubuta da Turanci, da ƙarfe nawa a gefen kowane layi. Awa ɗaya a mako ta isa a fara.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Wata tsohuwar ungozoma,
Gwammaja, Kano.