Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ɗan Majalisarmu Kan Zanen Sabuwar Firamare

Assalamu alaikum, Honarabul. Da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Mun ga allon da aka kafa a filin makarantarmu, mun ga zanen ginin da ke jiki. A hoto kam ya yi kyau, masha Allah. Gilashi daga sama har ƙasa, farin fenti, ga wasu furanni da ba za su kwana uku a raye a garin nan ba. Tambayata ɗaya ce: wanda ya yi zanen nan ya taɓa wuni a Gombe a watan Afrilu?

Ni malamin aji huɗu ne, na daɗe da alli a hannu. Na san yadda kwanon da aka sauko da shi ƙasa yake gasa yara idan zafi ya kai digiri 40. Kafin sha biyu rabin aji sun kifa kai a benci, sauran na fifita da littafin lissafi. A zanenku tagogi suna kallon gabas da yamma, wato rana ta shigo wa 'yan boko da hantsi, ta dawo wa 'yan Islamiyya da la'asar. Gilashin ma irin na turawa gefe ne, rabi kawai yake buɗuwa. An ce za a sa fanka. Da wace wutar, ranka ya daɗe?

A ƙauyen Gando na Burkina Faso, wani mai zanen gini, Francis Kéré, ya kammala wata firamare a 2001 da tubalin laka da aka haɗa da ɗan siminti. Ya ɗaga kwanon sama, ya bar sarari tsakaninsa da silin, iska tana ratsawa tana kwashe zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya. Mu da laka take ƙarƙashin ƙafarmu, ga simintin Ashaka a cikin jiharmu, sai mu je mu aro zanen ofishin Abuja?

Don Allah ka sa a juya ginin, dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, a yi taga a kowane ɓangare yadda iska za ta shiga ta fita. A faɗaɗa baranda. A ɗaure rufin da kyau, domin ka san abin da iskar farkon damina take yi wa kwano a nan. Dogon yaron nan kuma da ka tsaya ƙarƙashinsa lokacin kamfe kana mana alkawarin makarantar zamani, na ga a zanen an share shi an sa wurin ajiye mota. Motar wa?

Akwai sauran magana. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce yara 35 ga malami ɗaya, azuzuwan da kuka zana ba za su ishe mu ba. Banɗakin 'yan mata ya yi kaɗan. Ban ga gangarar keken guragu ba, duk da dokar masu nakasa da aka sa wa hannu a 2019.

Ba a haƙa harsashi ba tukuna, gyara a takarda bai kai kuɗin buhun siminti goma ba. Ka zo da mai zanen ranar Talata da ƙarfe ɗaya, ku zauna a ajina minti talatin. Zan ajiye muku benci kusa da taga.

Wassalam,
Wani malamin firamare, Jihar Gombe