Rahoton Ayyukan Shekara: Nazarin Tauraron Dabaran

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum.

Bana galibin zamanmu ya tafi kan Dabaran, tauraron nan mai ruwan lemo da ke bin sawun Kaza da 'ya'yanta. Malaman hisabi sun san shi cikin manzilolin wata 28, daga Surayya, wato ita Kazar, sai shi. Haskensa na shafe shekara kusan 65 kafin ya iso mu, faɗinsa ya ninka na rana sau 44, zafin fuskarsa kuwa wajen digiri 3,900 ne a ma'aunin Kelbin, shi ya ba shi wannan launi.

A Disamba da Janairu yakan yi sama sosai bayan isha'i, sai dai lokacin hazo ne. Ƙura na ƙara masa ja, don haka rahoton launi ya yi ta saɓani. Matsayar da aka cimma: kada a rubuta launi sai ya ɗaga digiri 30, a ɗan kwance saitin na'urar hange har ɗigon hasken tauraron ya baje, a fitar da ita rabin awa kafin aiki ta huce. Ƙurar madubi a hure ta da famfon roba, ƙyalle na karce shi.

Inda muka fi daɗewa shi ne batun abokin tafiyarsa. A 2015 masanin taurari Artie Hatzes da abokan aikinsa suka bayyana cewa saurin da tauraron ke nesanta da mu yana hawa da sauka duk kwana 629, alamar wata duniya na zagaya shi tana jansa, mai nauyin Mushtari (babbar duniyar da ke zagaya rana) aƙalla sau shida da rabi. A riƙe kalmar "aƙalla" da kyau. Wannan awo ba ya nuna karkatar zagayen, wato yadda hanyar da duniyar ke bi ta karkata ga mai kallo daga nan. Idan karkatar ba ta kai digiri 30 ba, nauyin ya haura na Mushtari sau 13, wato ya shiga sahun wadan tauraro, wanda ya fi duniya amma bai isa ya ƙona iskar haidurojin kamar cikakken tauraro ba. A 2019 bayanan cibiyar nazarin taurari ta Lick a Amurka suka sa shakka: manyan taurari irinsa suna kumburi da motsewa da kansu, motsin na iya kama da jan wata duniya. Shi ya sa a takardunmu "ana zato" muke rubutawa.

Na'urorinmu ba sa iya wannan awo, bayanan da masana suka wallafa muka zana. Baɗi za mu kwatanta shi da tauraron Pollux, wanda aka sanar da duniyarsa a 2006. Masu son shiga wannan aiki su ba sakatare sunayensu.