A kare ma'aikatan jinya daga tsinin allura

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku na kwanan nan kan cunkoson marasa lafiya a asibitocin Kano, sai dai akwai haɗarin da bai taɓo ba, wato allurar da ke soke ma'aikatan jinya wajen ɗibar jini.

A aikina na jinya na ga yadda abin ke faruwa: layi ya yi tsawo, akwatin zubar da allura ya cika, sai ma'aikaciya ta mayar wa allura murfinta da hannu biyu, nan take ta soke ta. Da yawa sukan wanke wurin su yi shiru don gudun tsangwama. Shirun nan ne ya fi damuna, domin maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72 bayan allura ta soki mutum, a sha kwana 28. Ciwon hanta nau'in B kuwa ya fi ƙanjamau saurin kamuwa ta wannan hanya, alhali yana da rigakafi mai allura 3.

Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta yi wa kowane ma'aikaci wannan rigakafi kyauta, ta wadata akwatuna, ta kuma sa kowane asibiti ya ware jami'in da za a kai wa rahoto a asirce, dare ko rana.

Wata ma'aikaciyar jinya,
Kano