Yaya, kada a sayar da Akawal kafin a duba bayansa da bakinsa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna da yara baki ɗaya. Ni lafiya ƙalau nake, aiki sai godiya. Sanyi ya shigo, amma jiki ya saba.

Yaya, ashe sai a bakin wasu zan ji cewa dokinmu Akawal ya kayar da Auta? Yau kwana 12 ke nan, kuma sau uku muka yi waya da kai a tsakani, ba ka ce mini uffan ba. Na san don kada hankalina ya tashi ne. To, ya tashi. Ɗan Gwaggo ne ya turo mini bidiyon ta WhatsApp, na yi ta maimaita shi har cajin waya ya ƙare. Ka faɗa mini gaskiyar kafaɗar yaron nan. In har yanzu ba ya iya ɗaga hannun sama, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashin, kada a zauna ana cewa targaɗe ne. Kuɗin da na turo ranar Litinin, wannan ne abu na farko da za a yi da su.

Sannan na ji Kawu yana cewa dokin ya koyi mugun hali, a rabu da shi tun bai kashe wani ba, har ma ya samo mai saye. Ina roƙonka da girman Allah ka dakatar da wannan magana. Shekarar Akawal 8 a gidanmu. Kai shaida ne, yara kan bi ta ƙarƙashin cikinsa bai ɗaga ƙafa ba, kuma Baba da ƙarfinsa ya ƙare, dokin nan kan tsaya cik har sai ya gyara zama. Irin wannan dabba ba ta kwana lafiya ta wayi gari tana tutsu tana miƙewa da ƙafa biyu haka kawai. Ruwa ba ya tsami banza. Shekara 3 ina aikin barga a nan, kuma duk dokin da aka kawo da irin wannan ƙara, jikinsa likita yake fara bi, daga baki har kofato, kafin kowa ya buɗe baki ya yi zancen hali.

Ka sake kallon bidiyon, amma kada ka kalli faɗuwar, ka kalli farkonsa. Lokacin da Auta yake jan majayi, Akawal ya kwantar da kunnuwa, ya waiwayo kamar zai cije shi, wutsiya tana kaɗawa alhali babu ƙuda. Da ya sa ƙafa a likkafa, bayan dokin ya lotsa kamar an ɗora masa garwashi. Da ya zauna, doki ya ƙi gaba. Sai yaron ya zuba masa ƙaimi, hannunsa kuma yana ja da linzami. An ce masa tafi, an kuma tare masa hanya, ina zai nufa in ba sama ba? Sau uku dokin nan ya faɗi abin da ke damunsa kafin ya tashi, ba wanda ya ji.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Ina jin sirdin da na aiko ne. Na gan shi a nan ya burge ni, na tara kuɗi wata biyu na saya, ban auna bayan Akawal ba, ban tambayi kowa ba. So nake a ga doki da kayan da ɗanku na waje ya aiko. A kan manyan dawakan nan masu faɗin baya aka ƙera shi, namu kuwa siriri ne, ƙashin kafaɗarsa a tsaye. Ka lissafa: wata 4 da isowar sirdin, ka ce mini kuma tun wata biyu da suka wuce ya fara ƙin tsayawa a hau shi. In ta tabbata shi ne, to ni na kayar da Auta.

Ga yadda za ka duba, kai da kanka, kada ka wakilta yaro. Ka tsayar da shi a wuri mai daidai, babu komai a bayansa. Ka bi gefen ƙashin baya da yatsu, dama da hagu, kana dannawa a hankali tun daga inda geza ta ƙare har zuwa ƙugu. Inda ya zabura, ko fatar ta yi rawa, ko ya lanƙwashe, ka riƙe wurin. Ka nemi kumburi, ko zafi, ko inda gashi ya goge. Allah ya sa baƙi ne, don haka in farin gashi ya fara fitowa a inda sirdi yake zama, nan take za ka gani, kuma wannan alama ce ta matsi da ya daɗe. Daga nan ka ɗora sirdin tsurarsa, babu shimfiɗa. Tsakanin gaban sirdin da tsinin kafaɗa ya kamata yatsu 3 su shige. In ya zauna daram a kan ƙashin, magana ta ƙare. Ka tsaya ta baya, nesa da harbi, ka leƙa ko haske yana wucewa ta tsakiyar sirdin, don bai kamata ya taɓa ƙashin baya ko kaɗan ba. Haƙarƙarin doki 18 ne a kowane gefe, ka lalubo na ƙarshe, kada sirdi ya zarce shi, saboda bayan nan babu abin da ke tallafe nauyi. Ka duba kuma bayan gwiwar gaba inda majayi yake bi, wani lokaci ɗan ƙurji ne da bai kai ƙwayar ido ba yake haukata doki. A hoton da ka turo kwanan baya na ga ya ɗan rame. Doki in ya rame, har tsohon sirdinsa na iya daina yi masa daidai.

Kada a ƙara shimfiɗa a ce an gyara. Takalmin da ya matse, ƙarin safa ba ya raba mutum da ciwo.

Sai baki. Bari in ba ka labarin wata goɗiya da nake kula da ita a nan. Lafiyayya, mai sauƙin kai, rana ɗaya ta fara miƙewa da zarar an taɓa linzami, har mai ita ta fara tunanin rabuwa da ita. Likita ya zo, ya yi mata allurar kwantar da jiki, ya sa wani ƙarfe ya buɗe bakin, ya haska da fitilar goshi. Ni na riƙe kan. Ya ce in sa hannu in taɓa. Yaya, gefen haƙoran taunar nan kamar bakin zarto, sai da ya tsaga safar robar da ke hannuna. Cikin kumatunta duk miki ne, ja wur. Ya yi mini bayani cewa haƙoran doki ba sa daina fitowa, kamar milimita 2 zuwa 3 kowace shekara, kuma muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, shi ya sa na sama suke yin kaifi ta wajen kumatu, na ƙasa ta wajen harshe. Ya goge su da magagari, ko awa ɗaya bai yi ba. Da mikin ya warke, goɗiya ta dawo kamar ba ita ba. A nan duk shekara ake duba bakin kowane doki. Ranar na koma ɗaki na zauna ina tunani, Akawal tunda yake ba a taɓa leƙa cikin bakinsa ba.

Ka lura ko yana zubar da ciyawa dunƙule-dunƙule bayan ya tauna, ko hatsi yana fita a kashinsa bai narke ba, ko bakin yana wari, ko yana karkata kai in yana ci. Ka duba kusurwar leɓe da harshe da dasashin da linzami yake kwanciya a kai. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin haƙori da wasu dawaki suke da shi dab da na tauna, linzami kan buge shi. Amma kada ka zura hannu ciki, ka ji? Zai iya raba ka da yatsa ba da niyya ba. Wannan aikin likitan dabbobi ne, kuma kuɗinsa yana cikin abin da na turo. Rabi na kafaɗar Auta, rabi na likita. Ba na rufin ɗaki ba ne, rufi ya jira ƙarshen wata mai zuwa, na yi alkawari. Kuma kada a ranta wa kowa, ko da Kawu ne.

Wani abu da nake so ka gaya mini tsakani da Allah: gaskiya ne Auta ya ƙara masa hatsi don ya yi ƙiba, yana kuma barinsa a turke kwana uku huɗu ba kilisa? In haka ne, wannan kaɗai ya isa ya sa doki tutsu. Ga kuma ciki. Cikin doki ƙarami ne, kuma dare da rana yake tsatso ruwan tsami, ko da abinci ko babu, domin an halicce shi ya yi kiwo kusan awa 16 a yini. In aka cika shi da hatsi safe da yamma, tsakani babu abin tauna, sai gyambo ya kama cikin. Irin wannan doki ba ya son a ja masa majayi, yana ramewa, gashinsa ya dushe. A rage hatsin sannu a hankali, kada ciyawa ta yanke a gabansa. Ma'aunin da muke bi shi ne kilo 1.5 zuwa 2 na busasshiyar ciyawa a kan kowane kilo 100 na nauyinsa a rana, wato in ya kai kilo 350, wajen kilo 5 da kwata zuwa 7 ke nan. Ruwa kuma kullum.

Ƙafafu ba za su ɗauke ka lokaci ba. Ka dafa kofato huɗun da sassafe, ka ji ko ɗaya ya fi sauran zafi. A ja shi da sassarfa a ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, kana kallo. In kansa yana tashi duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taka, ita ce mai ciwon. Yaushe rabon da a yanke masa kofato? Bai kamata ya wuce mako 6 zuwa 8 ba.

In ka gama waɗannan, ka ɗaura masa doguwar igiya a ragama, ya zagaye ka babu sirdi babu linzami. Washegari a sa sirdi kawai. Rana ta uku linzami kawai. Abu ɗaya ake canjawa a rana, babu mahayi. Ranar da ya yi tutsu, ka san inda za ka nuna wa likita. In duk ya wuce lafiya, saura abin da ido ba ya gani, domin akwai ciwon da tsinin ƙasusuwan baya suke gugar juna a daidai mazaunin sirdi, wannan sai an ɗauki hoto. A duba idanunsa ma. Kuma don Allah kada wani ya saya masa allurar kashe zafi kafin likita ya gan shi. Za ta ɓoye ciwon, in kuma akwai gyambon ciki ta ƙara cinye shi.

Auta kuwa, ka karɓe bulalar nan. An ce bayan ya tashi daga ƙasa sai da ya zane dokin a fuska. Na ji zafin wannan fiye da yadda zan iya rubutawa. Ban ce ka yi masa faɗa a gaban mutane ba, yaro ne, kunya ce ta kama shi, ga ciwo. Ni ma a shekarunsa na yi abin da ya fi haka, Baba ne ya riƙe hannuna. Amma ka zaunar da shi ka gaya masa: doki in ya miƙe aka ja linzami, ta baya yake kifewa, ya danne na kansa, kuma mutane suna mutuwa a haka. Abin yi shi ne a saki linzami, a kwanta gaba, a rungumi wuya ko a kama geza. Kada kowa ya hau Akawal sai likita ya ba da izini, ko da masu cewa su gwanaye ne, su za su saita shi. Yara ƙanana su daina zuwa turken. Ko bayan ya warke, tsoron ciwon zai daɗe a ransa, sai an bi shi sannu, a ɗora sirdi a sauke, a ɗora a sauke, kafin a kai ga hawa.

Ni nan babu wata damuwa. Ƙarfe 5 nake tashi, ɗakin doki 14 nake sharewa kafin rana ta fito, in ta ga dama ta fito. Wani ingarma ya taka ni makon jiya, farcen babban yatsa ya fita, amma ina tafiya, kada Inna ta ji. Akwai wani da ba ya yarda kowa ya riƙe shi in likita ya zo sai ni, har maigidan ya fara kirana musamman. Abin da Baba ya koya mana ne nake ci da shi. Sai dai wani lokaci ina cikin goge dokin wani, in tuna namu yana tsaye da ciwo a baya, ni da na san abin yi ina nan, sai hannuna ya tsaya.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata maganinta yana cikin na wata mai zuwa, ba zan manta ba. Ka gaida Gwaggo da matarka da yara. Kawu ma ka gaishe shi da girmamawa, ka ce ɗansa yana neman alfarmar wata guda kawai.

Rabi na Auta, rabi na likita, Yaya. Ka ajiye sirdin nan nawa a ɗakinka, ka fito da tsohon na Baba a gwada shi yadda na faɗa. Gobe da safe ka ɗauko mini hoton bayan Akawal daga sama, a cikin haske, da na gefe biyun, ka turo kafin in shiga aiki.

Naka,
ƙaninka.