Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Noma da Kiwo a kan tsutsar tumatir

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka daga Tawa a kan ƙwaron da ke hana masu garka barci tun daga Dogarawa har bakin tabkin Tabalak. Ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, toka-toka, tsawonsa kamar ƙwayar shinkafa. Masana na kiransa Tuta absoluta.

Asalinsa Kudancin Amurka ne. A Peru aka samo wanda masanin ƙwari Edward Meyrick ya fara bayyanawa a 1917. Ya shiga Sifen a 2006, ya bazu a arewacin Afirka, wajen 2013 aka gan shi a Nijar. A 2016 ɓarnarsa ta sa jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Macen na iya zuba ƙwai har 260, kuma cikin zafi irin namu wata guda ya isa ƙwai ya zama uwa. Tsutsar tana shiga tsakanin fatun ganye biyu ta cinye koren, ta bar farin tabo da ɗigon baƙin kashi. Daga nan sai 'ya'yan, ta huda su ta wajen hular. Feshi bai cika kai mata ba, ga shi a ƙasashe da dama ta riga ta saba da magunguna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wannan ƙwaro ba shi kaɗai ba ne a gidansu. Danginsu ɗaya, Gelechiidae, da mai huda dankalin Turawa a gona da cikin ma'aji, Phthorimaea operculella. A 2021 ma wasu masana suka mayar da na tumatir cikin rukunin na dankalin. Akwai kuma 'yan Scrobipalpa masu cin furen gauta a Afirka ta Yamma. Da ido da wuya ka raba su, sai ƙwararre ya duba al'aurar namijin a madubin ƙara girma. Tarkon ƙamshin mace kuwa, wanda ke jawo mazan ƙwaron ya kama su, kowane iri da nasa. Mai garka da ya sayi na wani iri, kuɗinsa sun tafi a banza, ya koma ga mai sayar da magani a kasuwa, wanda duk tsutsa ɗaya ce a wurinsa.

Muna da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, muna da hukumar kare tsirrai, ga cibiyar nazarin noma da yanayi ta AGRHYMET a Yamai. Roƙona a sa su zagaya wuraren noman rani da tarkuna, Ƙonni, Madawa, Keita, har Bonkuku da Tabelot masu dankali, a fitar da taswirar da za ta nuna wane iri ne a ina, kuma a wane wata yake yawa. Kada a tsaya a gonaki. In tumatir ya ƙare, ƙwaron na iya laɓewa a gauta da 'yan uwanta na daji, har da zaƙamin da muke bari a bakin shinge, don duk dangin tumatir ne.

Sakamakon kuma kada ya kwana a rahoton Faransanci. A ba RECA, hadaddiyar ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, da rediyoyin karkara su faɗe shi da Hausa da Zabarmanci kafin a zuba iri a watan Oktoba.

Allah ya taimake ka.

Wani mai garka, Tawa