Wasiƙa zuwa Kumasi: an sako Auta

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Kada ka soma mitar na yi shiru, don kai ma goron da ka yi mini alkawari tun babbar sallar bara, ko da ƙafa ya taho ya ci a ce ya iso.

An sako Auta. Wallahi an sako shi, yana gida. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin kisan, ta sallame shi, ta kuma wanke shi. Na so in kira ka a daren, sai na tuna halinka, mutum na tsakiyar magana ka ce masa ga mai saye ya zo. Inna kuwa da ta gan shi a soro ko guɗa ba ta yi ba, zama ta yi daɓas a ƙasa tana shafa ƙafarsa, wai tana so ta tabbatar shi ne.

Ka san farkon zancen, amma akwai abin da mu kanmu ba mu sani ba sai da lauyar nan ta zaunar da mu ta karanta mana fayil ɗin. Ashe duk hujjar da aka yanke wa yaron nan kisa da ita abu biyu ne: wayar hannun da ya saya a rumfarsa ta gyaran waya, wadda aka bi sawunta aka ce ta fashi ce, sai takardar amsa laifi. Mutumin da aka yi wa fashin da bakinsa ya faɗa wa kotu cewa dare ne, fuskokinsu a rufe, bai gane kowa ba. Wanda ya sayar wa Auta wayar, duk da ya ba da kwatancensa har da layin gidansu, babu wanda ya taka ya nemo shi. Takardar kuma da Turanci aka rubuta ta, Autan da kai ka san inda bokonsa ya tsaya, aka kama yatsansa aka dangwala. Ya gaya wa alƙalin farko cewa rataye shi aka yi kafin ya dangwala, mai binciken ya rantse bai taɓa shi ba, aka ɗauki maganar mai kaki. Ni dai na ga wuyan hannunsa biyu. Tabon yana nan zagaye, fatar wurin ta yi fari tana sheƙi.

Abin haushin, doka ba ta rasa ba. Lauyar ta ce dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki irin wannan bayani a bidiyo ko a gaban lauyan wanda ake zargi, ga kuma dokar hana azabtarwa ta 2017. Tsarin mulkin 1999 ya ce a kai mutum kotu cikin kwana 1, ko 2 idan kotun da nisa. Shi sai da ya yi makonni a bayan kanta a ofishin 'yan sanda, a ƙarƙashin allon nan da aka rubuta beli kyauta ne. Da aka tashi kai shi, sai aka kai shi gaban majistare, wanda ba shi da hurumin shari'ar fashi da makami. Aikinsa kawai ya ce a tsare shi har shawara ta fito daga ma'aikatar shari'a. A jiran shawarar nan kaɗai yaro ya ci azumi uku a ciki. Daga nan sai ɗage zama: yau babu motar kawo fursunoni, gobe an yi wa mai bincike canjin wurin aiki, jibi alƙali ya tafi taro. Kuma ba shi kaɗai ba ne, kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan masu jiran shari'a ne. A 2019 an canja wa gidajen suna zuwa na gyaran hali. Na tambayi Auta ko gabzar ma an gyara mata hali, ya yi dariya har da tari. Ita ce dariyarsa ta farko da na ji.

Af, kafin in manta, angon ƙarni ya ƙara ta uku. Shi da bashin kuɗin ɗinkin bikin farko ke kansa har yau! Ranar ɗaurin aure waliyyi ya tambayi sana'arsa, sai mai shayinmu ya amsa daga baya ya ce aure. Aka rasa mai iya tsayar da dariya a yi fatiha. An tambaye ka, na ce kana can Ghana kana tara sidi da tumbi.

To, in koma. Abin da ya hana ni barci shi ne wani labari da lauyar ta ba mu muna zaune a barandar kotu. Wani Nasiru Bello a jihar Oyo, shi ma fashi aka ce, aka yanke masa kisa, ya ɗaukaka ƙara, aka zartar masa da hukuncin tun ba a saurari ƙarar ba. Sai a 1986 Kotun Ƙoli ta ce an yi ba daidai ba, a biya iyalinsa diyya. Diyyar me? Da gwamnonin yanzu masu saurin sa hannu ne, da wata wasiƙar nake rubuto maka. Sama da mutum 3,000 ke zaune a ɗakunan jiran kisa a Najeriya, kuma tun da na ga fayil ɗin Auta nake tambayar kaina nawa ne a cikinsu takarda irin tasa ta kai su.

Kada ka ce mu ne kawai. Ka tuna tsohon ɗan damben Japan ɗin nan, Iwao Hakamada? An yanke masa kisa a 1968, sai a 2024 kotu ta wanke shi yana da shekara 88, ta ce ƙirƙirar hujjojin aka yi. Yayarsa ce ta tsaya masa duk tsawon lokacin. Bambancin, shi shugaban 'yan sandan yankin ya je har gida ya rusuna ya ba shi haƙuri. Auta kuwa ko sannu. Gandiroba ya buɗe ƙofa, ya miƙo masa ledar kayansa. Lauya ta ce tsarin mulki ya ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba damar neman diyya da ban haƙuri a bainar jama'a, a shigar da ƙara. Inna ta ce ko sunan kotu kada a sake kira mata, keken ɗinkinta da gonar marigayi duk sun tafi a zirga-zirga, ta bar su da Allah. Ni ina ganin a shigar, amma ba ni na sayar da gona ba.

Unguwa ce damuwata yanzu. Kotu ta wanke shi, majalisar ƙofar masallaci ba ta wanke shi ba. Da kunnena na ji ana cewa ai ruwa ba ya tsami banza. Malam ya ji, bayan magariba ya tsayar da mutane ya karanto hadisin nan da ke cewa a kawar da haddi idan akwai shubuha, gara shugaba ya yi kuskure wajen afuwa da ya yi kuskure wajen hukunci. Ya ce ko Annabi Yusuf shekaru ya yi a kurkuku a kan ƙage. Kowa ya gyaɗa kai, washegari wani ya ɗauke wayarsa daga kan benci da Auta ya zauna kusa da shi. Yaron ya gani. Tun ranar bai sake fitowa ba sai sallah. Ko a gida idan zai zaga bayi sai ya tsaya ya nemi izini, abinci kuma a tsugune yake ci, da sauri, ya kare kwanon da hannu ɗaya. Yarinyar da aka sa musu rana tana da 'ya'ya biyu a wani gidan.

Shi ya sa na ce bari in roƙe ka. Ko za ka karɓe shi a shagonka, ko na wata shida ne, ya sha iskar garin da ba a san shi ba? Hannunsa na gyara bai mutu ba, sai dai wayoyin sun canja masa. Kuɗin mota da takardun tafiya a kaina. Ka yi shawara da uwargida tukuna, na san wa ke da gidan.

Maganar filin da ka tambaya, dillalin ya tafi Umara, sai ya dawo. Ka gaida mutanen zango, ka ce wa babban ɗana ya daina turo mini saƙon murya da ƙarfe biyun dare.

Naka,
abokin cin ƙosanka